Babbar Manhaja Mara Nauyi ga Tsofaffin Kwamfutoci

Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi da zarar an kunna kwamfuta. Ita ke raba aiki tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai, da faifan ajiya, kuma a kanta sauran manhajoji suke zama. Windows da macOS da Linux su ne fitattu. Ana ce wa babbar manhaja mara nauyi idan ba ta cinye RAM da ƙarfin furosesa don hidimar kanta ba, ta bar mafi yawansu ga aikin da mai kwamfuta ya zauna yi. Kusan dukkan irin waɗannan daga dangin Linux suka fito, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, kuma kyauta ake sauke su.

Maganar ta shafi jihar Kebbi kai tsaye, domin da yawa daga kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu da hannun ɗalibai a Birnin Kebbi da Jega da Argungu da Yawuri na hannu ne, irin waɗanda ake kira Beljiyam. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana neman RAM na gigabait 4 da ajiya ta gigabait 64 da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin furosesocin Intel da suka girmi zubi na 8. Kwamfuta mai Core 2 Duo ko Core i3 na farko lafiyarta ƙalau, sai dai an bar ta ba sabuntawar tsaro.

Abin da ake fara dubawa

Abu biyu ne ke yanke hukunci: yawan RAM, da kuma ko furosesa 32-bit ce ko 64-bit. Ganin Windows 32-bit a kan kwamfuta ba ya nuna furosesar ma haka take, don masu gyara sukan ɗora abin da ke filashinsu ne kawai. Core 2 Duo, wanda ya fito a 2006, 64-bit ne. Core Duo mara lamba 2 da Pentium M da Atom N270 na ƙananan laftof 32-bit ne. Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce a gwada tayar da kwamfutar da filashi mai manhajar 64-bit. Idan furosesar ba ta iya ba, za ta ƙi tashi ta kuma faɗi dalili.

Bambancin yana da muhimmanci saboda ƙofar 32-bit sai ƙara rufewa take yi. A cikin nau'o'in Linux, dangin Ubuntu sun bar ta tun bayan fitowar 2018, Linux Mint ta tsaya a 19.3, Debian 13 ta 2025 ma ba ta da faifan ɗorawa na 32-bit. Google ya janye Chrome daga Linux 32-bit tun 2016. Wanda ke da irin wannan kwamfuta zai same ta da amfani wajen rubutu da koyon sarrafa kwamfuta, amma bai kamata ya sa ran za ta daɗe tana shiga intanet lami lafiya ba.

Waɗanda ake zaɓa daga ciki

Ga kwamfuta mai RAM na gigabait 4, ko 2 idan za a yi haƙuri, Linux Mint mai fuskar Xfce (fuska ita ce tsarin maɓallai da tagogin da ake gani a allo) ita ce mafi dacewa da wanda ya saba da Windows 7: maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, LibreOffice da Firefox suna ciki, kuma ana kula da kowace babbar fitowa shekara 5. Tana neman ajiya ta gigabait 20.

Lubuntu, mai fuskar LXQt, ta ɗan fi ta sauƙin nauyi, don haka ita ake fi ba mai gigabait 2. A sauke fitowar da aka yi wa alamar LTS, wato mai doguwar kulawa, wadda ke fitowa a Afrilun kowace shekara biyu, ta 24.04 kulawarta shekara 3 ce. Sauran fitowar tsakani wata 9 kawai suke yi, sake saukewa kuwa asarar data ce.

Daga gigabait 1 zuwa ƙasa, antiX ce ta fi cancanta. A kan Debian aka gina ta, tana amfani da fuska mai sauƙi irin IceWM, kuma masu yin ta sun ce tana tashi da megabait 256, ko da yake sai da 512 ake jin daɗinta. Fuskarta ba ta da ƙawa, wasu saituttukan ma sai an nemo su, amma ita ke farfaɗo da laftof ɗin da aka riga aka fidda rai da shi. Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a Ostireliya a 2003, tana kwashe kanta gaba ɗaya ta zuba cikin RAM, shi ya sa take gudu daga filashi ko da faifan kwamfutar ya mutu. Masu gyara na amfani da ita wajen ceto fayiloli daga Windows da ta ƙi tashi. ChromeOS Flex ta Google tana neman 64-bit da gigabait 4, kuma aikinta ya dogara da intanet, don haka ba ta dace da inda sabis ke yankewa ko data ke tsada ba.

Nauyin da ya rage bayan an canza

Nan ne mutane da yawa ke cizon yatsa. Manhaja mara nauyi tana rage abin da ita kanta take ci, amma ba ta rage nauyin shafukan intanet. Facebook ko YouTube ko shafin rajistar makaranta, kowanne na iya cin ɗaruruwan megabait. Idan RAM ya cika, kwamfuta takan koma ajiye rarar a faifai, faifan tsohon laftof kuma mai juyawa ne sau 5400 a minti, sai a ga fitilarsa na ta ƙiftawa linzami ya daskare. Maganin shi ne a taƙaita shafukan da ke buɗe zuwa biyu ko uku, a sa abin toshe talla irin uBlock Origin a Firefox, a kunna zram, wanda ke matse bayanai a cikin RAM maimakon tura su faifai, a kuma rage ingancin bidiyo zuwa 360p ko 480p.

Idan da ɗan hali, sauya faifan da SSD, wato faifai mara juyawa mai sauri, na SATA mai inci 2.5, ko da na gigabait 120 ne, ya fi kowane canjin manhaja tasiri. Wajen ƙara RAM a duba irinsa tukuna, don DDR2 ba ya shiga gurbin DDR3.

Gwaji da ɗorawa

A tanadi filashi na gigabait 8 wanda ba a bukatar abin da ke cikinsa. A sauke fayil ɗin ISO, wanda ke ƙunshe da manhajar gaba ɗaya, daga shafin masu manhajar. Na Mint da Lubuntu sukan kai wajen gigabait 3, kuma idan saukewa ta yanke a hanya fayil ɗin kan lalace, don haka a gwada lambar tantance fayil ta SHA256 da wadda ke shafin. A rubuta shi a filashi da Rufus, ko da Ventoy wadda ke ɗaukar ISO da yawa a filashi ɗaya. Lokacin kunnawa a danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, a zaɓi filashin.

Kada a yi gaggawar ɗorawa. Manhajar tana aiki daga filashi ba tare da taɓa faifai ba, kuma a nan ake gwada Wi-Fi da sauti da hasken allo da firinta. Sai an gamsu, an kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri, sannan a ɗora, domin zaɓin goge faifai ba ya barin komai. Laftof mai mataccen batir kada a fara masa sai da janareto ko inbata a kusa, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana barin kwamfuta ba Windows ba Linux.

Matsalolin da aka fi gamuwa da su

Wi-Fi na Broadcom, wanda ya yawaita a tsofaffin HP da Dell, sau da yawa ba ya aiki sai an sauko masa da direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa na'ura ta yi aiki. A haɗa waya da kebul, a raba intanet ta USB, a sauke direban daga manajan direbobi. Firintocin HP suna aiki ta kunshin direbobi na HPLIP, amma LaserJet 1020 da ire-irenta sai an ƙara musu wani ɗan fayil daga intanet. Canon LBP2900 kuwa saitinta da wahala.

Akwai abin da ake ɗora wa manhaja alhali ba laifinta ba ne. Idan burauza ta ƙi buɗe shafuka tana kukan tsaro, a duba kwanan wata: ƙaramin batirin agogo, CR2032, idan ya mutu kwamfuta kan koma shekarun baya. Idan kuma tana mutuwa da kanta ko tana jan ƙafa bayan rabin awa, ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi. A buɗe a kaɗe ƙurar, a goge busasshen man da ke kan furosesa a shafa sabo.

Mai shagon buga takardu ya yi lissafi kafin ya canza. CorelDRAW ba ta da fitowar Linux, Inkscape ce ke maye gurbinta kuma sai an sake koyo. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word, amma idan babu salon haruffan da aka rubuta fayil ɗin da shi jerin shafuka na iya gocewa, kuma Times New Roman sai an sauke kunshin ttf-mscorefonts-installer. Shagon da cinikinsa ya rataya a kan manhajar Windows kaɗai gara ya bar kwamfuta ɗaya a kanta, ya cire ta daga intanet. Masu rubutun Hausa kuma za su tarar da tsarin allon rubutu na Hausar Najeriya a cikin saitin madannai, mai ɓ da ɗ da ƙ, ga na Larabci a gefensa ga makarantun Islamiyya.