Counties 3 Cornwall

Counties 3 Cornwall gasar ƙwallon zari-ruga ce ta ƙananan ƙungiyoyin gundumar Cornwall, a ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Irin zari-rugar da ake bugawa da mutum 15 a kowane ɓangare ce, kuma gasar tana mataki na tara a tsarin gasannin ƙasar. 'Yan wasanta ba da wasan suke cin abinci ba. Kowa da sana'arsa, ranar Asabar ake haɗuwa a fili. Kafin shekarar 2022 sunanta Cornwall League 2.

Tarihi

An kafa hukumar zari-ruga ta Ingila, wato RFU, a 1871, amma sai da aka haura shekara ɗari kafin ta amince da gasar rukuni-rukuni. Fargabar shugabanninta ita ce teburin maki zai jawo biyan 'yan wasa kuɗi, maganar da ta raba kan masu wasan a 1895 har ƙungiyoyin arewacin ƙasar suka ɓalle. Saboda haka kowace ƙungiya takan shirya wasanninta na sada zumunci da maƙwabta.

A Cornwall wasan ya yi saiwa tun ƙarni na 19, musamman a garuruwan haƙar kuza da tagulla irin su Redruth da Camborne. Hukumar gundumar ta samu a 1883. A 1908 tawagar Cornwall ta lashe gasar gundumomin Ingila, dalilin da ya sa aka ba ta wakilcin Birtaniya a wasannin Olamfik na Landan a wannan shekara. Ostireliya ta doke ta da ci 32 da 3, amma da yake ƙungiyoyi biyu kaɗai suka shiga, Cornwall ta koma gida da lambar azurfa. A 1991 ta sake cin kofin gundumomi a filin Twickenham bayan ta doke Yorkshire 29 da 20 a ƙarin lokaci, a gaban dubban magoya baya sanye da baƙi da ruwan zinariya.

Tsarin rukuni ya fara a 1987 da tallafin kamfanin giya na Courage, aka raba ƙananan ƙungiyoyin Cornwall gida biyu, wato Cornwall League 1 da Cornwall League 2. Shekaru da dama rukuni na biyu yana mataki na goma. Wajen ƙarshen shekarun 2000 an haɗe rukunan biyu na ɗan lokaci, daga baya aka sake raba su. Annobar korona ta katse kakar 2019/20, ta 2020/21 kuwa ba a buga ta ba. Garambawul ɗin 2022 ya rushe gasar haɗin gwiwa ta Cornwall da maƙwabciyarta Devon, ya sauya sunaye, rukunin ya hau mataki ɗaya.

Tsarin gasa

Kaka tana farawa a Satumba ta ƙare wajen Afrilu. Nasara maki 4 ce, canjaras maki 2. Akwai ƙarin maki ɗaya ga wadda ta dire ƙwallo sau huɗu a bayan layin abokan karawa, da ɗaya ga wadda ta sha kashi da tazarar da ba ta wuce 7 ba. Zakara takan haura zuwa Counties 2 Cornwall.

Babbar matsala ita ce ƙarancin 'yan wasa, musamman mutum ukun sahun gaba na turereniya (inda 'yan wasan ɓangarorin biyu ke haɗa kafaɗu suna tura juna don samun ƙwallo), waɗanda doka ta ce sai masu horo na musamman. Ƙungiyar da ta kasa fitar da tawaga sai a ba abokiyar karawarta nasara ba tare da an buga ba.

Ƙungiyoyi

Cikin waɗanda suka taɓa bugawa a rukunin akwai Lankelly-Fowey, Camelford, St Agnes, Roseland, Stithians, St Just da Redruth Albany. Tun 2022 tawagogi na biyu na manyan ƙungiyoyi ma suna shiga gasannin gunduma.

Taƙaddama

A 2023 RFU ta rage tsayin inda aka yarda a cafki ɗan wasa, don rage bugun kai. Da farko ta ce ƙugu. Ƙananan ƙungiyoyi suka yi ca, aka mayar da shi ƙasan ƙashin ƙirji.