Mata uku masu kala: tambayoyi kan zanen rayuwar manoma a Faransa

Wane irin zane ake nufi, kuma yaushe ya ɓullo?

A tsakiyar ƙarni na 19 ne wasu masu zane a Faransa suka ƙi bin abin da aka koya musu. Kafin lokacin, babban allon zane na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da labaran addini da tatsuniyoyin Girka. In ma an sa baƙauye a ciki, to ko don a yi dariya ne, ko kuma makiyayiya ce tsaf-tsaf wadda ba ta taɓa taka ƙaya ba. Gustave Courbet da Jean-François Millet suka ce su abin da ido ya gani za su zana: kaushin hannu, yagaggiyar riga, da gadon bayan da aiki ya tanƙwara.

Shi Millet ya san aikin gona, ko labari yake ji?

Ɗan manoma ne. An haife shi a 1814 a ƙauyen Gruchy da ke yankin Normandy, kuma ya yi noma da hannunsa kafin ya tafi koyon zane. A 1849 ya bar Paris ya tare a Barbizon, bakin dajin Fontainebleau, can ya zauna har rasuwarsa a 1875.

Me ke cikin zanensa na masu kala da har yanzu ake zancensa?

Duk wanda ya ga mata da yara suna kalar gyaɗa bayan mai gona ya kwashe zai gane wannan zane da kallo ɗaya. A 1857 aka nuna shi. Gonar alkama ce an gama girbe ta, ga mata uku a gaba suna tsintar zangarniyar da ta zube. Biyu sun duƙa har hannunsu na taɓa ƙasa. Ɗayarsu ta ɗora hannun hagu a gadon baya, riƙe da ɗan abin da ta tara. Ta ukun ta ɗan ɗago amma ba ta miƙe ba, da gani ka san ƙugun ya riƙe. Fuskokinsu ba sa fitowa sosai, ɗankwali ya rufe.

Sai ka kai ido can baya, inda rana ta fi haskawa. Tarin amfanin gona ne jibgi-jibgi, ga keken ɗaukar kaya an loda, ga 'yan ƙwadago birjik, ga wani a kan doki yana sa ido. A nan nake ganin gwanintar Millet take. Bai zana kowa yana kuka ba, bai zana mai gona yana zagi ba. Ya ajiye tarin can, ya ajiye abin da ke tafin hannun matan nan, ya bar mai kallo ya auna da kansa. Kuma dubi yadda ya tsara su: babu wadda kanta ya kai layin da ƙasa ta haɗu da sama. Ƙasa ta kewaye su ta ko'ina.

To mene ne abin tayar da hankali a nan?

Lokacin ne ya jawo. Juyin juya halin 1848 bai daɗe da wucewa ba, an zubar da jinin ma'aikata a titunan Paris a watan Yunin shekarar, kuma masu hannu da shuni na cikin fargabar talakawa. Masu kala kuwa su ne ƙarshen talaucin ƙauye, ba su da gona, sai abin da aka bari. Da aka ba su gaban allo, wurin da aka saba bai wa manya, wasu masu sharhi suka ce barazana ce, har da masu tuno kashe-kashen 1793, lokacin babban juyin juya halin Faransa.

Haka aka yi wa Courbet. A 1849 ya zana masu fasa dutse a bakin hanya, tsoho da saurayi, ɗaya ƙarfinsa ya ƙare, ɗaya bai gama kawo ƙarfi ba. Zanensa na jana'iza a garinsu Ornans ya haura mita 6 a faɗi, kuma mutanen gari ne zalla a ciki. A 1863 Millet ya ƙara da mutum mai fartanya, ya dogara da ƙota, baki buɗe don gajiya. Aka yi masa ca, wai ya zana dabba.

Kenan 'yan siyasa ne?

Courbet dai e. Ya shiga gwamnatin 'yan tawayen Paris ta 1871, aka ɗaure shi, ya rasu yana gudun hijira a Switzerland a 1877. Millet kuwa bai yarda a kira shi ɗan gurguzu ba. Abin da ya tashi a ciki yake zanawa.

Duk masu zana manoma a lokacin haka suke?

A'a. Jules Breton ma ya zana masu kala, amma nasa kyawawa ne, a miƙe, ba alamar yunwa, kuma hukuma ta yi ta ba shi lambobin yabo. Ba na raina aikinsa, sai dai irin ƙauyen da mutumin birni ke son gani ne. Wanda ya ɗauki hanyar Millet da gaske shi ne Vincent van Gogh, wanda ya zana iyalin manoma suna cin dankali a ƙarƙashin fitila a 1885, ya kuma kwaikwayi zane-zanen Millet da dama.

Ina zanen suke yanzu?

Masu kala na gidan tarihin Orsay a Paris, tare da zanen Millet na namiji da mace da suka dakata da aiki suna addu'a a gonar dankali. Shi wannan an sayar da shi faran (kuɗin Faransa na lokacin) 553,000 a 1889, shekara 14 bayan rasuwar mai shi, wanda ya daɗe yana fama da rashi. Mai fartanya na gidan tarihin Getty a Los Angeles. Masu fasa dutse na Courbet ya salwanta a 1945, lokacin ruwan bama-baman da aka yi wa Dresden a Jamus, sai hotunansa kawai suka rage.