Wai mene ne GST ɗin nan da 'yan jami'a ke ta kuka da shi?

Duk wanda ya shiga jami'a a Najeriya, ko likitanci yake karanta ko lauya ko Larabci, sai ya gamu da GST. Taƙaitawa ce ta General Studies, wato darussan gama-gari da kowa da kowa sai ya ɗauka, ba ruwansu da sashenka. A ABU Zariya GENS ake ce musu, a BUK kuma GSP, amma duk abu ɗaya ne.

Hukumar NUC mai kula da jami'o'i ce ta wajabta su. A sabuwar manhajar da ta fitar a 2022 mai suna CCMAS akwai GST 111 na Turancin sadarwa, da 112 na al'ummomin Najeriya da al'adunsu, da 212 na falsafa da mandiƙi (ilimin kafa hujja), sai 312 na zaman lafiya da sasanta rikici, ga kuma kwas ɗin koyon dogaro da kai da ake haɗawa da su.

To me ya kawo su? Ai ranar yaye ɗalibai in ka kasa kunne za ka ji ana cewa an same su sun cancanta a hali da kuma ilimi, halin ma shi ake fara ambata. GST na cikin hanyoyin da jami'a ke bi ta taɓa wannan halin, yaron da ya tashi a Gusau bai taɓa zama da Tibi ko Ijo ba a zaunar da shi ya san tarihinsu da yadda suke aure da sarauta, ya kuma koyi yin musu da hujja ba da zagi ba.

Matsalar ita ce yawa. Ɗalibai dubbai ne a kwas ɗaya, wane malami ne zai iya makin wannan tulin takardu? Shi ya sa jami'o'i da dama suka mayar da jarabawar kan kwamfuta, irin CBT ɗin da JAMB ta koma kansa gaba ɗaya tun 2015. Ana shiga rukuni-rukuni, ka buga lambar rajistarka, tambayoyi su fito da A B C D, agogo na ta gudu a saman allo, wani ma hannunsa rawa yake don bai saba riƙe maus ba, in kuma aka ɗauke wuta sai kowa ya yi tsuru-tsuru ana jiran janareto.

Gaskiya kwamfuta ta yi rana, babu batun takardata ta ɓata, babu malami ya tsane ni, sakamako kuma ba ya daɗewa. Amma ni dai ina da ja a nan. Darasin da aka ce na gyaran tunani ne ya koma haddar tsofaffin tambayoyi a guruf ɗin WhatsApp daren jarabawa, mutum ya ci A a sasanta rikici alhali ko muhawara ɗaya bai taɓa yi a aji ba, don ajin ma lasifika ce kawai ake ji daga can baya.

Sabbin shiga kuma kar ku raina GST don kun ga ba na sashenku ba ne. In ka faɗi kari-oba ne, kuma ba za a ba ka digiri ba sai ka dawo ka cinye shi, ko da kuwa kai ne na ɗaya a ajinku.