Waiwaye: ruwan da ke cin gidajenmu a Kusseri ta Kamaru, tun shekarun fari aka buɗe masa ƙofa

Har yanzu gardamar nan ba ta mutu ba a guruf-guruf na WhatsApp, wasu na cewa a ci gaba da tara kuɗi duk lokacin da ruwa ya shigo, wasu kuma sun ce sun gaji, kullum a tara kullum a tara amma baɗi ma haka. Jama'a ni dai ina ganin mun tsaya ne kan reshe mun bar tushe.

Abin da kowa ya sani ba sai na ja shi ba. 2012 ruwa ya yi ɓarna daga Garwa har Maga da Yagwa, nan arewacin Kamaru. 2022 kogunan Shari da Logon suka cika tare, unguwar Waliya ta Njamena da ke tsallake ta nutse, Cadi ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Oktoba. 2024 kuma ta fi duka, a Cadi kaɗai mutum kusan miliyan 2 abin ya shafa, fiye da 500 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Amma wanda ba a cika magana a kai ba shi ne farin 1973 da na 1984. Eh, fari. Kafin nan dattawanmu sun san kogi na da wurin kwanansa, duk wani kwari da fadama an bar masa, ba mai kafa tubali a can sai dai shinkafa ko masakwa, wato dawar rani, in ruwa ya ja. Sai aka shiga shekarun da ruwan sama ya ƙi, Tafkin Cadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke, Shari ya ja har a ranin 1985 ya kusa ƙafewa a gaban Njamena. A daidai wannan lokacin gari ke cika da mutane, waɗanda yaƙin Njamena na 1980 ya koro suka ƙetaro mana, ga na ƙauye da dabbobinsu suka mutu suna neman inda za su raɓa. Ina fili mai araha? Can inda kogi ya bari. Mutum ya sayi fuloti busasshe ƙayau, ya yi shekara da shekaru ruwa bai taɓa zuwa ƙofarsa ba, ya aurar da 'ya'ya a ciki, to ta ina zai yarda cewa cikin gadon kogi yake kwance? Wallahi ba na ganin laifinsu, talauci ne da rashin wanda zai ce musu kul.

Kuma akwai abu na biyu da farin ya canja, wannan ya fi damuna. Lokacin yunwar ne aka saba ganin taimako yana zuwa a bayan babbar mota, buhu-buhu daga waje, gadar Ngeli da ta haɗa mu da Njamena ma a 1985 aka buɗe ta. Abincin ya ceci rayuka ba musu. Sai dai tun daga nan gayya ta fara sanyi, wato fitowar da unguwa ke yi da fartanya da kwando a ɗaga ganuwar ƙasa a bakin ruwa, a yashe lambatu, mata na dafa wa ma'aikata. Ruwa ba ya zuwa, wa zai fito? Yaran da aka haifa lokacin sun girma ba su taɓa ganin an yi ba. Da damina mai ƙarfi ta dawo sai ta tarar da gidaje a hanyarta, mu kuma mun koma jiran mota.

Shi ya sa nake ce wa masu tara gudummawa, Allah ya saka da alheri, amma a duba lokaci. Ruwan koginmu ba kwatsam yake zuwa ba, daga kudu yake gangarowa, ya kan kai ƙarshen cikarsa wajen Oktoba zuwa Nuwamba bayan damina ta ɗauke. Buhun da za ka saya a watan Afrilu a cika shi da ƙasa a tsanake ya fi goma da za a nema da tsakar dare ana haska tocila ruwa na bakin gwiwa. Mai kuɗi ya sayi buhuna da shebur, matasa su ba da ƙarfi, 'yan adashi su ware zubi ɗaya, a ajiye a hannun mutum biyu ko uku da unguwa ta yarda da su tare da bulama da liman, a karanto lissafi bayan sallar Juma'a kowa ya ji, wannan kaɗai zai kashe rabin zargin da ake yi.

In kuma ruwan ya riga ya shigo, tsofaffin kaya ba su ne kan gaba ba. Tamfol, gidan sauro, sabulu, maganin tsabtace ruwan sha saboda kwalara, kuɗin man kwale-kwale. Wanda ke da ɗaki a tudu ya karɓi iyali ɗaya, don azuzuwan makaranta da ake fakewa a ciki su samu komawa hannun yara. Sannan manoman da gonarsu ta nutse a taimaka musu da dashen masakwa da wuri, kafin ƙasar ta bushe ta tsage.