Bardo da Tantabarar Dutse ta Niu Gini

Bardo da tantabarar dutse dangi ɗaya ne, Columbidae, dangin kurciya da hasbiya da tantabarar gidan da samarin Kano ke kiwo a akurki. Amma in ka ajiye su gefe da gefe ba za ka ce 'yan gida ɗaya ba ne, kuma abinci yana cikin manyan abubuwan da suka raba su.

Bardo (Oena capensis) ɗan ƙarami ne, tsawonsa wajen santimita 22 kuma rabin nan duk jela ce, nauyinsa bai fi giram 40 da ɗan wani abu ba. Namijin fuskarsa baƙa har ƙirji, baki ja da rawaya, macen babu wannan baƙin, in suka tashi sai kaga jan ƙasa a fukafukai. Yana nan a Afirka kudu da Sahara da Madagaska da ƙasar Larabawa, a nan ma da ka fita daga birni ka shiga gonaki bayan an girbe gero za ka ganshi yana ɗan tattaki a kan turba. A ƙasa yake kiwo, ƙananan 'ya'yan ciyawa yake tsinta ɗaya ɗaya, shi yasa buɗaɗɗen fili mai ƙaya ya fi masa, sheƙar ma ƙasa-ƙasa yake yinta a cikin ƙaramar bishiya, macen ta saka ƙwai 2. Gaskiya tsuntsu ne mai kyau, mutane ne kawai basa tsayawa su kalle shi.

Ita kuwa tantabarar dutse (Gymnophaps albertisii) sai can tsibirin Niu Gini arewa da Ostireliya da wasu tsibirai na kusa da shi, wani masanin tsuntsaye mai suna Salvadori ne ya fara yin bayaninta a 1874. Tsawonta santimita 33 zuwa 36, nauyi kusan giram 260, kaga ta ninka bardo wajen sau 6. Bayanta toka-toka mai duhu, ga jar fata tsirara zagaye da ido. 'Ya'yan itace take ci irinsu ɓaure, can saman bishiya, to bishiya kuwa ba kullum take 'ya'ya a waje ɗaya ba dole ta bi su, sai su taso garke guda daga dajin kan duwatsu su gangaro kwari fukafukansu na ƙara mai ƙarfi, da yamma su koma. Ƙwai 1 tak take sakawa.

Jinsin Gymnophaps, wato jinsin da tantabarar dutse take ciki, kala 4 ne, sauran suna tsibiran Buru da Seram na Indonusiya da kuma tsibiran Solomon, bardo kuwa shi kaɗai ne a jinsin Oena.