Gwani a atisaye, ranar gasa ƙafa ta mutu

Iyaye da 'yan wasa sun ishe ni da tambayoyin nan a bakin fili a Katsina, kan yaron da ya iya ƙwallo a atisaye amma ya kasa ranar gasa, to ga amsa a rubuce.

Asiri aka yi masa ne?

A'a. Faɗuwar gaba ce.

Me ya haɗa tsoro da ƙafa?

Da yaro ya tsorata, jiki sai ya saki sinadarin adiranalin. Zuciya ta hau dukan uku-uku, baki ya bushe, jijiyoyi su ɗaure. Ƙwallon da yake tarewa ido rufe a unguwa sai ta zame masa, don yanzu lissafin kowane taku yake yi. Kaɗan daga wannan zumuɗin yana ƙara kuzari. Yawansa ne ke ɓata wasa.

Ko ragwanta ce?

Fitaccen ɗan wasan Italiya Roberto Baggio ya ɗaga fenareti sama a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1994 a Amurka. Rago ne shi?

Ɗana yana amai kafin wasa, in hana shi bugawa?

Alhaji, wannan sai an duba. In da an busa usur minti biyar ya ware, bar shi ya buga, hana shi zai koya masa cewa gudu ne magani. Ya ci abinci awa uku kafin wasa, kada ya cika ciki. Ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya sake shi a hankali, sau biyar ko shida, kuma ya saba da hakan tun a atisaye. Koci ya ba shi aiki guda: "Audu, ka riƙe mai lamba bakwai." Amma in abin ya kai kwana da kwanaki ba barci, ko yana hawaye in an ambaci gasa, ko amai na zuwa ranar da babu wasa, to ya wuce sanina, a ga likita. Kai kuma, ka daina tambayarsa "ƙwallo nawa ka ci?" tun daga zaure. Wani yaron ba 'yan kallon filin wasa na Karkanda yake tsoro ba, fuskar babansa yake tsoro.

Ya sha ƙwaya ko lemon ƙarin kuzari?

Kul! Lemon ƙara masa bugun zuciya zai yi. Tramadol kuwa WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta haramta shi a gasa tun 2024, ban da jarabar da yake sawa.

Addu'a fa?

Ya yi, tana kwantar da hankali. Amma ya zo atisaye ranar Talata.