Filayen Yaƙi da Ganuwoyi: Amsa Ga Masu Shirin Tafiya Daga Zariya

Da zarar hutu ya matso sai tambayoyin nan su dawo, daga ɗaliban Samaru da Kongo har magidanta masu son fita da yara. Ga amsoshin a wuri ɗaya, a karanta kafin a sake tambaya.

Daga ina zan fara?

Daga ganuwar Zazzau. Kana cikin garin, kullum kana wucewa ta Ƙofar Doka a kan acaɓa, amma kana tambayar inda za ka ga kayan tarihin yaƙi. Ka sauka ka taka da ƙafa. Ka je Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, ka duba kaurin gindin ganuwar da zurfin ramin da ke bayanta, wanda aka haƙa don doki ya kasa tsallakawa. Za ka kuma ga inda mutane suka kwashe ƙasarta suka yi tubali, da inda aka mayar da ita juji. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai. In ka gama, ka nufi dutsen Kufena ta wajen Wusasa, akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa.

Sarauniya Amina ce ta gina ta?

Haka tarihin baka ya danganta, shi ya sa ake cewa ganuwar Amina. Mai son ganin tushen gidansu ya je Turunku a ƙaramar hukumar Igabi.

Zan iya shiga barikin soja in zagaya?

A'a, sai da izini. Depot, inda ake horar da kuratan sojan ƙasa tun 1924, wurin aiki ne, haka ma makarantar soja ta yara da aka kafa a 1954. In makaranta ce ko ƙungiya, a rubuta takarda tun da wuri a jira amsa. Kuma don Allah kada wani ya tsaya a bakin get ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Sunan Chindit da barikin yake da shi kuwa daga yaƙin Bama, a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya samo asali, inda bataliyoyin Najeriya suka shiga daji suka yaƙi Japanawa a 1944. Gidaje da yawa a Zariya suna da kakan da ya je Bama. Ka tambayi tsofaffin gidanku, wataƙila lambar yabonsa tana nan cikin adaka.

Kwana uku gare ni da mota ɗaya. Sakkwato zan nufa ko Burmi?

To, wannan ita ce tambayar da ba a amsa ta da kalma ɗaya. Ta fuskar tarihi, hanyar Sakkwato ta fi cika. Daga nan Zariya ne rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta tashi a ƙarshen Janairun 1903, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin Sarki Alu ba ya gari. A ƙarshen watan aka gwabza a Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi, sannan ranar 15 ga Maris aka yi na Giginya, Sakkwato ta faɗi. A can ƙasar kuma akwai Tafkin Kwatto, inda jama'ar Shehu suka yi babbar nasararsu ta farko a 1804, da Alƙalawa, birnin Gobir da aka ci a 1808. Duk wannan gaskiya ne. Amma hanyar ta Funtuwa da Tsafe da Gusau take bi, kuma kowa ya san halin da yankin yake ciki game da 'yan bindiga. Alƙalawa tana ƙasar Sabon Birni, ba zan ce wa kowa ya ɗebi iyalinsa ya nufi can don yawon buɗe ido ba. Dutsen Kwatarkwashi ana hango shi daga titi, a halin yanzu hangen ya wadatar.

In lallai Sakkwato kake so, ka tsaya cikin gari: Hubbaren Shehu, fadar Sarkin Musulmi, Giginya. Ka yi tafiyar da rana tsaka, ka bi shawarar direbobin tasha da suka biyo hanyar a ranar, domin labarin makon jiya ba ya amfani. In sun ce a dakata, ka dakata.

Burmi kuwa tana kusa da Bajoga a jihar Gombe. Nan ne Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, da ya fita hijira zuwa gabas bayan faɗuwar Sakkwato, ya yi shahada ranar 27 ga Yulin 1903 tare da ɗaruruwan mutanensa. Manjo Marsh na Turawa shi ma a nan aka kashe shi. Waɗanda suka tsira suka ci gaba har Sudan, inda ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Tafiyar tana da nisa, ko ka bi ta Jos da Bauci, ko ta Kano da Darazo da Dukku, yini guda za ta ci a zuwa, yini guda a dawowa. Saura yini ɗaya ke nan, kuma ya isa in motarka lafiyayya ce, in kuma rani ne. Da damina hanyar ƙauye tana iya hana ka ƙarasawa, wurin ma shuka ta rufe shi. Ni dai da za a bar mini zaɓi, Burmi zan ce, amma da sharaɗin ka sami wanda ya san Bajoga ya yi maka jagora, ka kuma tambayi lafiyar hanya kamar yadda na faɗa game da waccan. In ɗaya daga cikin waɗannan bai samu ba, ka yi Bebeji da Kano ka dawo, ba ka yi asara ba.

Me zan gani in na isa?

Fili, gonaki, kaburbura. Masu zuwa da tsammanin za su tarar da igwa da takubba a jere suna dawowa suna ƙorafi, kuma laifinsu ne. Ka karanta labarin wurin kafin ka tashi, sai filin ya yi maka magana. Mai son ganin sulke da lifidi da tsofaffin ƙyamaren ƙofa ya je Gidan Makama a Kano. Ko ya jira hawan Daushe a nan gida, ya tsaya kusa da 'yan lifidi ya ga yadda aka lulluɓe doki da mahayinsa don kibiya ta kasa shiga.

Sai na gaida mai gari? Ai fili ne kawai.

Sai ka gaishe shi. Gonar wani ce za ka taka, kabarin kakan wani ne za ka tsaya a kai. Ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka ba wanda ya raka ka na goro. A maƙabarta a yi addu'a, a rage surutu, kada a hau kan kabari don hoto. In ka tsinci kan kibiya ko tsingaro, ka bar shi inda yake.

Yara fa?

Ganuwa da Kufena da Gidan Makama sun dace da su, kada hankalinka ya tashi. Ku fita da sassafe, da ruwa da takalmi mai rufi saboda ƙaya. Doguwar tafiya kuwa a bar su a gida.

Ina ake ajiye kayan yaƙin basasa?

Umuahia, jihar Abiya, a gidan tarihin yaƙi na ƙasa. Akwai jiragen sama da motocin sulke da makaman da Biyafara ta ƙera da kanta. Tafiya ce ta daban, kada ka cusa ta cikin kwana ukun nan.